Kwana uku a gonar Yasgur: fim ɗin Woodstock da tarihin da ya ƙera

Ranar Juma'a 15 ga watan Agusta na shekarar 1969, da la'asar sakaliya, wani mawaƙi baƙar fata mai suna Richie Havens ya hau dandamali da jitarsa a cikin wata gonar kiwon shanu ta garin Bethel, a jihar Niyok ta ƙasar Amurka. Ba shi aka shirya ya buɗe taron ba. Makaɗan da ya kamata su riga shi sun maƙale a hanya, domin motoci sun cushe ta har mutane sun riƙa barin nasu a gefe suna ƙarasawa da ƙafa. Aka roƙe shi ya yi ta kiɗa kafin wani ya iso. Ya yi har waƙoƙin da ya tanada suka ƙare, sannan ya ƙago wata nan take bisa karin wata tsohuwar waƙar bege ta zamanin bauta, ita ce aka sani da suna "Freedom". Duk wanda ya kalli fim ɗin Woodstock ba ya manta doguwar rigarsa da gumi ya jiƙa sharkaf, da ƙafarsa da ke dukan katako, da yadda ya sauka daga dandamali hannunsa bai bar kaɗa jita ba.

Wannan fim, wanda Michael Wadleigh ya shirya, ya fito a watan Maris na 1970. Ya ɗan haura sa'a uku. Ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin da ke nuna abin da ya auku a zahiri, kuma a 1996 hukumar Amurka ta sa shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa. Mutanen da suka halarci taron an ƙiyasta su kusan 400.000, waɗanda suka san shi ta hanyar sinima sun ninka haka sau da yawa. Ke nan abin da duniya ke kira Woodstock, akasarinsa fim ɗin ne. Ga malamin tarihi, wannan kaɗai ya isa dalilin a zauna a dube shi da idon basira.

Tun daga sunan ma akwai gyara. Ba a garin Woodstock aka yi taron ba. Bethel na da nisan kimanin kilomita 70 daga can. Samari huɗu ne suka shirya shi, Michael Lang da Artie Kornfeld da Joel Rosenman da John Roberts, kuma neman riba ne ya haɗa su. Sun sayar da tikiti kusan 186.000 tun kafin ranar, a kan dala 18 na kwana uku (dalar Amurka nake nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar). Wata guda kafin taron, garin Wallkill da suka fara zaɓa ya hana su wuri, sai wani manomi, Max Yasgur, ya ba su hayar gonarsa. Lokaci ya ƙure: ko dai su gama dandamali ko su gama shinge da ƙofofin karɓar tikiti. Suka zaɓi dandamali. Jama'a ta kwararo ta tarar da shinge rabi da rabi, ta tattake shi ta shige. Fim ɗin ya nuna sanarwar cewa daga yanzu taro kyauta ne, ana ta shewa, kamar wata sadaka ce aka yi niyya. Gaskiyar magana tilas ce ta sa. Masu taron sun tashi da bashin fiye da dala miliyan ɗaya, sun kuma shafe shekaru kamar goma kafin su fita daga cikinsa, alhali kamfanin Warner Bros, wanda ya zuba dala 100.000 da farko don a ɗauki hoto, ya kwashi miliyoyi.

Kafin a fahimci abin da ya sa fim ɗin ya shiga zukata, sai an tuna halin da Amurka take ciki. A 1968 an kashe Martin Luther King, an kashe Robert Kennedy. A 1969 sojojin Amurka fiye da 500.000 ne a Biyetnam, kuma ana ɗibar samari aikin soja dole. Wannan yaƙi ba baƙo ba ne gare mu sarai: ci gaban wanda Faransa ta yi ne a Indocin, inda Umaru Ganda ya yi soja yana matashi, ya dawo ya shirya fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a cikin ita wannan shekara ta 1969. Samarin da ake kira ƴan hifi, masu dogon gashi da tufafi barkatai, sun ƙi yaƙin, sun ƙi rayuwar iyayensu ta ofis da tara kaya, suna wa'azin zaman lafiya da ƙauna, suna kuma shan tabar wiwi da ƙwayar LSD a fili. Manyan ƙasar suna ganin su ƴan iska. Fim ɗin ya zo ya ce: ga su nan, dubu ɗari huɗu a fili guda, cikin ruwan sama da taɓo da yunwa, ba su yi faɗa ba.

Ta fuskar sana'a, aikin abin yabo ne ƙwarai. Da ƙananan kamarori na milimita 16 aka ɗauke shi, a kafaɗa, mai ɗauka yana gab da makaɗi har ana ganin jijiyar wuyansa. Masu haɗa hoton, Thelma Schoonmaker ce jagorarsu, cikinsu har da wani saurayi da ba a san shi ba tukuna, Martin Scorsese, sun tarar da faifai mai ɗimbin yawa. Dabarar da suka yi ita ce raba allo gida biyu, wani lokaci gida uku: makaɗi a nan, mai sauraro a can, ko kuma wani yana magana kan ƴanci a hagu, a dama ana nuna abin da ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Ta haka mai kallo yake ji kamar yana cikin cunkoso, idonsa bai san inda zai tsaya ba.

Wurin da dabarar ta fi kamawa, a ganina, shi ne kiɗan Santana. A lokacin faifansu na farko bai ma fito ba. Cikin "Soul Sacrifice" ganguna ne ke jan ragama, jita na biye, kuma mai ganga Michael Shrieve, ɗan shekara 20, fuskarsa ta cika allo kamar wanda iska ta hau. Kunnen da ya saba da kalangu da kotso ba zai ji wannan kiɗa baƙo ba, kuma ba banza ba: wata waƙar da suka kaɗa a ranar, "Jingo", daga wajen makaɗin Najeriya Babatunde Olatunji suka ɗauko ta. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 6 ga Maris 1971, Santana ɗin ya zo Akara ya yi wasa a taron Soul to Soul. Sai Joe Cocker, yana karkarwa yana kaɗa jitar da babu ita a hannunsa, hadari na haɗowa a bayansa. Sai Joan Baez cikin dare, da juna biyu, tana ba da labarin mijinta David Harris da ke kurkuku saboda ya ƙi shiga soja. Sai kuma Jimi Hendrix da safiyar Litinin, wanda ya ɗauki taken ƙasar Amurka ya murɗe shi da jita har ana jin rugugin bama-bamai da kururuwa a cikinsa, bai furta kalma ko ɗaya ba. Minti kaɗan ne, amma sun fi jawabai da yawa nauyi. Ba mamaki da makaɗin Agadas, Bombino, ya sha faɗin cewa kallon Hendrix a bidiyo na cikin abin da ya koya masa jita.

Duk da haka, abin da na fi komawa gare shi a fim ɗin ba makaɗa ba ne. Dogon layin samari ne a bakin wayar tarho, kowa na gaya wa uwarsa yana nan lafiya. Mutanen gari ne, wasu na tsinuwa, wasu na cewa yaran nan masu ladabi ne, an kai musu ruwa da abinci. Yasgur ne da kansa, dattijo mai tabarau, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau wanda bai yarda da aƙidar ƴan hifi ba, amma ya hau dandamali ya yaba musu. Akwai kuma ma'aikacin da ke kwashe bayan gida daga makewayin tafi-da-gidanka, yana aikinsa cikin natsuwa, yana cewa ɗansa ɗaya na nan cikin taro, ɗayan yana Biyetnam. Duk rabuwar kan Amurka tana cikin gidan mutumin nan guda.

Shi wannan ma'aikaci daga baya ya kai masu fim ƙara kotu, ya ce an ja shi da hira ba tare da ya san za a haska shi a duniya ba, an mai da shi abin dariya. Daga nan aibin fim ɗin ke fara bayyana. Kamara na ɗaukar talaka kyauta, ribar kuwa ta tafi wani wuri.

Na biyu, fim ɗin bai bi jerin yadda abubuwa suka gudana ba. An sāke tsari domin labari ya yi daɗi. Waƙoƙin da ke tashi a farkonsa, sa'ad da ake gina dandamali jama'a na isowa, a ɗakin ɗaukar sauti aka yi su. Daga cikin makaɗa da ƙungiyoyi 32 da suka yi wasa, rabi ko fiye ba su fito ba a fitowar 1970: babu Janis Joplin, babu Grateful Dead, babu The Band, babu Ravi Shankar. Wasu jayayyar kuɗi ce ta hana, wasu ba su gamsu da wasansu ba. John Fogerty ya hana a sa Creedence Clearwater Revival, Neil Young ya ƙi a ɗauke shi ma sam. Sakamakon haka sai fim ya zama alƙali: Ten Years After, da aka ba wa minti goma na gudun yatsu wanda ni dai yake gundurata, suka wayi gari taurari, wasu da suka fi su kuwa aka manta sun je. Sai a 1994, da aka fitar da wani tsari mai tsawon kusan sa'a huɗu, aka mayar da Joplin da Jefferson Airplane.

Siyasa ma an tace ta. Ɗan gwagwarmaya Abbie Hoffman ya kutsa dandamali a tsakiyar wasan The Who domin ya yi magana kan John Sinclair, wanda aka ɗaure shekara goma saboda tabar wiwi kara biyu. Pete Townshend ya kore shi da jita. Babu wannan a fim. Mutuwa ma ba ta samu wuri ba, alhali aƙalla mutum biyu sun rasu, ɗaya tarakta ta bi ta kansa yana barci, ɗaya ƙwaya ta kashe shi. Sanarwar da aka yi ta gargaɗi game da wata gurɓatacciyar LSD ta fito kamar abin raha. Kuma birnin nan na kwana uku da ake cewa ya riƙe kansa da kansa, jiragen soja masu saukar ungulu ne suka kawo masa likitoci, matan garuruwan kewaye ne suka haɗa masa abinci. Fim ɗin ya nuna jiragen, amma bai tsaya ya yi tunani a kansu ba. Haka nan bai tambayi su wane ne waɗannan samari ba. Akasarinsu farare ne ƴaƴan masu hali, da yawa ɗaliban jami'a, waɗanda karatu ke jinkirta musu kiran soja, yayin da ƴaƴan talakawa ke tafiya. Mata kuwa, in ban da Baez, kamara ta fi neman su a bakin tafki suna wanka tsirara.

Kafin fim ɗin ya fito ma, mafarkin ya fara tsagewa. Ranar 6 ga Disamba 1969, a taron Altamont na jihar Kalifoniya, wani ɗan ƙungiyar masu babura ta Hells Angels, waɗanda aka ɗora wa tsaron dandamali, ya daɓa wa wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, wuƙa har lahira, Rolling Stones na kan kiɗa. Kamara ta ɗauka, yana cikin fim ɗin Gimme Shelter. Ranar 4 ga Mayu 1970, Woodstock na cikin gidajen sinima, dakarun jihar Ohayo suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. Hendrix ya rasu a Satumba, Joplin a Oktoba, kowannensu yana da shekara 27.

Akwai wani aibi da ba laifin Wadleigh ba ne, amma fim ɗinsa ya zama silarsa: inuwarsa ta rufe wasu. A cikin wannan damina ta 1969 an yi bikin al'adu na unguwar Harlem, inda Stevie Wonder da Nina Simone da Mahalia Jackson da B.B. King da Hugh Masekela suka yi wasa gaban jama'ar da jimillarta ta kai kusan 300.000. Hal Tulchin ya ɗauki hoton duka, ya nemi mai saye ya rasa. Faifan ya yi kusan shekara 50 a ajiye, sai a 2021 Questlove ya fitar da shi da sunan Summer of Soul, ya kuma ci Oscar a 2022. A watan Yuli na 1969 ɗin ne kuma aka yi bikin al'adun Afirka a birnin Aljas, da Miriam Makeba, da Archie Shepp yana busa tare da makaɗan Abzinawa. William Klein ya yi fim a kai. Ƙungiyar al'adu da ke da majigi da dare uku za ta amfana in ta jera su ukun, ta bar ɗalibai su kwatanta.

Sa'ad da Hendrix ya hau dandamali, mafi yawan jama'a sun riga sun watse. Wadleigh bai ɓoye wannan ba: ya nuna fili ya koma juji, barguna jiƙaƙƙu da takalma marasa ƴan'uwa, tsirarun mutane na tsintar shara cikin caɓi. Amma bai yarda ya tsaya a nan ba. Hoton ƙarshe daga sama aka ɗauko shi, a ranar da taro ya cika maƙil, sannan sunaye su fara hawa bisa waƙar "Woodstock" a bakin Crosby, Stills, Nash da Young. Wadda ta rubuta waƙar, Joni Mitchell, ba ta taka gonar Yasgur ba. An riƙe ta a birnin Niyok domin kada ta rasa wata hira ta talabijin, kuma a ɗakin otal ta ga taron, a cikin akwatin talabijin.