Doka da Ruwa da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Haɗejiya, 1906 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Abin da muke nufin yi a cikin wannan takarda shi ne mu bi sawun dokoki da manufofin gwamnati waɗanda suka taɓa lafiyar jama'a da kula da marasa galihu a ƙasar Haɗejiya, tun daga zuwan Turawa. Idan muka ce ƙasar Haɗejiya, muna nufin ƙananan hukumomi takwas na masarautar, watau Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kirikasamma da Guri. Babban ɓangare na wannan ƙasa fadama ce. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, shi kuwa idan ya iso nan sai ya rarrabu, ya malale cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har zuwa Nguru da Gashuwa.

Ra'ayin da za mu kare shi ne, dokokin da suka fi tasiri ga lafiyar mutanen fadama iri biyu ne: waɗanda suka faɗi wanda yake da ɗakin shan magani da wanda zai biya kuɗinsa, da kuma waɗanda suka faɗi wanda yake da ikon ruwa. An daɗe ana yin waɗannan dabam, waɗancan dabam, kamar babu abin da ya haɗa su, alhali kuwa a jikin mutum ɗaya suke saduwa.

2.0 Zamanin En'e

Kafin Turawa, sha'anin magani yana hannun wanzami da ungozoma da mai ɗori da malami da mai saiwoyi. Nakasassu kuma suna da shugabanninsu, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, ga zakka da sadaka, ga dangi. Ba mu ce wannan tsari ya wadatar ba, domin agana da yunwa sun sha yin ɓarna, amma dai kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Turawan Ingila sun ci Haɗejiya da yaƙi ran 25 ga Afrilu, 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. Masarautar ta shiga ƙarƙashin Lardin Kano. Likitocin gwamnati na farko an kawo su ne domin Turawa da sojoji da ma'aikata. Wanda ke shakkar haka ya duba Dokar Garuruwa ta 1917, wadda a ƙarƙashinta aka ware unguwannin Turawa, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da gidajen 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga nan ya kai can. A wannan shekara ce kuma aka yi Dokar Lafiyar Jama'a. Amma dokar da ta fi shafar talakan Haɗejiya ita ce Dokar En'e ta 1916, tare da kafa baitulmali, domin su ne suka ɗora wa Hukumar En'e nauyin hidimar ƙasarta daga rabon da take samu na haraji da jangali.

Daga farkon shekarun 1930 ne En'o'i suka fara buɗe ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, aka kuma buɗe Makarantar Tsabta a Kano a 1932 don horar da duba-gari. Sha'anin kuturta kuwa, a cikin waɗannan shekaru ne aka bar wa 'yan mishan, aka ba su zangon kutare irin na Yadakunya kusa da Kano.

A nan akwai abin lura. Tun da baitulmali ne ke biya, to, lafiyar kowace masarauta ta zama daidai ƙarfin aljihunta. En'e ta Kano, mai ɗimbin jama'a da kuɗin gyaɗa, ta iya gina babban asibiti a cikin birni tun ƙarshen shekarun 1920. Ƙaramar masarauta ba ta da wannan hali. Abin da ya fi wannan muni shi ne, shekarar da damina ta ƙi, cuta ta yi yawa, ita ce shekarar da haraji ke wuyar tarawa. Bugu da ƙari, ɗakin magani yakan bi mazaunin hakimi da hanyar mota da tashar jirgin ƙasa (layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Malam Madori ya bi, bai shiga birnin Haɗejiya ba). Masunci da makiyayi da manomin shinkafa na cikin fadama, waɗanda ruwa ke yanke wa hanya watanni sai da kwalekwale, su ne na ƙarshen samu.

Duk da haka, kada mu yi wa En'e rashin adalci. Tana da abu guda wanda aka rasa daga baya: an san mai alhaki. Idan annoba ta ɓulla, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai gaban Sarki. Da wannan sarƙa 'yan lamba suka yi aiki a yaƙin da aka fara da agana a 1967, har aka ga bayanta a Nijeriya a 1970.

3.0 Shekarar 1976

Idan aka ce mu zaɓi shekara ɗaya tak a cikin wannan tarihi, 1976 za mu zaɓa, saboda a cikinta gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta zartar da abubuwa biyu.

Na farko shi ne gyaran ƙananan hukumomi. Aka rushe En'e, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara, ɗakunan shan magani da duba-gari suka koma hannun ƙaramar hukuma. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, sun ambaci kiwon lafiya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta sa hannu a ciki, ba tare da sun fayyace iyakar aikinta da na jiha ba. A 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta a lokacin. Talaka ya huta, wannan babu musu, kuma ba ma cikin masu kukan a dawo da haraji. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta koma jiran kaso daga asusun tarayya, kason kuwa ta hannun jiha yake biyowa. Ɗakin magani na ƙauye ya zama ɗan riƙo: gini na wannan, albashi na wancan, magani kuwa sai wanda ya tuna.

Na biyu shi ne Doka ta 25 ta 1976, wadda ta kafa hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Kafin wannan, gwamnatin Audu Baƙo ta riga ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Dole ne mu tuna halin da ake ciki a lokacin: farin 1972 zuwa 1974 ya hallaka dabbobi, ya kori mutane daga gidajensu, ga birnin Kano yana buƙatar ruwan sha. Wanda ya ce a tare ruwa a ajiye a wannan hali, ba mugunta ya nufa ba. Daga baya aka ƙara madatsar Challawa a 1992. Waɗannan biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke isowa Haɗejiya. Aka kuma yi wata ƙaramar madatsa kusa da Auyo don noman rani na kwarin Haɗejiya.

To, me ya haɗa wannan da lafiya? A da, kogin yana da lokaci. Yakan cika a watan Agusta da Satumba, ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, ruwa ya janye a yi noman damshi, Fulani su sauko da shanu, rijiyoyi su cika ta ƙarƙashin ƙasa. Da rani kuma sai ya ƙafe. Wannan ƙafewa tana da amfanin da ba a lissafa ba, domin tana rage katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, tana kuma katse hayayyafar sauro na wasu watanni. Da aka tare kogin, sai abin ya juya. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassan ba sa bushewa. Masu bincike na Shirin Kare Fadamar Haɗejiya da Nguru, wanda aka kafa a 1987, sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Sun kuma nuna cewa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, idan aka auna da yawan ruwan da take sha, ya fi abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke bayarwa.

Ruwan da ba ya ƙafewa shi ya haifi ciyawar kacala. Ta toshe magudanai, ta sa ruwa ya karkata, wasu garuruwa suka nutse, wasu suka bushe. Ta zama maɓoyar sauro da katantanwa da tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Yaron da ke fitsarin jini a Guri, da uwar da gonarta ta zama tafkin kacala har abinci ya gaza a gida, dukansu suna ɗanɗanar hukuncin da aka yanke a ofisoshin Legas da Kano, inda aikin injiniya da malamin gona ne kan gaba. Dokar da ta wajabta a auna illar manyan ayyuka ga muhalli, watau Doka ta 86, sai a 1992 aka yi ta, shekarar da aka gama Challawa. Ihu bayan hari ke nan. A 1993 kuma Doka ta 101 ta tabbatar wa gwamnatin tarayya ikon duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. Ke nan ruwa na tarayya ne, babban asibiti na jiha, zawo da zazzaɓi da tsargiya kuwa an bar wa ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi rauni a cikin ukun.

4.0 Daga Ransome-Kuti zuwa Gunduma

Ba za mu daɗe a kan shekarun 1980 ba, don an yi rubutu da yawa a kansu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki ƙudurin taron Alma-Ata na 1978 da gaske, ya fito da Manufar Lafiya ta Ƙasa a 1988, ya ƙarfafa rigakafi da ruwan gishiri da sukari. Amma a daidai lokacin ne shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magani ya yi tsada, mara lafiya ya koma biya daga aljihunsa. Nasarar da aka samu a kan kurkunu ta cancanci ambato: an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya a binciken farko na 1988 zuwa 1989, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da ita. Ba da allura aka ci wannan yaƙi ba. Matacin ruwa da rijiyar burtsatse da sa-ido a ƙauyuka ne suka ci shi, watau wuri guda da ma'aikacin lafiya da ma'aikacin ruwa suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa.

An ƙirƙiri Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991. Gwajin da ya fi jan hankali a tarihinta shi ne Tsarin Gunduma, wanda aka yi wa doka a 2007. Aka raba jihar gunduma tara ta lafiya, Haɗejiya ɗaya daga ciki, aka haɗa ɗakunan magani na ƙananan hukumomi da manyan asibitoci na jiha ƙarƙashin hukuma ɗaya, ma'aikata da kuɗi wuri guda. A ganinmu wannan yunƙuri ne na ɗinke ɓarakar 1976, kuma ya riga manufar tarayya ta tattara lafiya matakin farko a inuwa ɗaya, wadda Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da ita a 2011. Bayan sauyin gwamnati na 2015 aka maye gurbinsa da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, manyan asibitoci suka koma wa ma'aikatar lafiya. Ko Gunduma kanta, iyakarta iyakar Jigawa ce, kogin kuwa daga Kano yake fitowa ya faɗa Yobe.

A 2007 ɗin ne kuma Gwamna Sule Lamiɗo ya sa hannu a dokar biyan nakasassu naira 7,000 a kowane wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma. Adadin kaɗan ne idan aka dubi masu buƙata, kuma hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin a hankali. Muhimmancin dokar shi ne ta mayar da abin da aka saba bayarwa sadaka ya zama haƙƙi rubutacce a kan baitulmalin jiha.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Karo na farko ke nan da doka ta nufi kuɗi ya isa ɗakin magani na mazaɓa kai tsaye. Amma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna iyakar wannan, domin a ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya yanke hanyoyi, jama'a suka tare a makarantu, inda ruwan sha da makewayi suka zama abin nema. Ga kuma ciwon ƙoda da ya yi ƙamari a bakin wannan kogi, daga Haɗejiya har Gashuwa, wanda masana ke bincikar dangantakarsa da ruwan sha da magungunan feshi da zafin rana, ba su kuwa tsaya a kan dalili guda ba tukuna. Na'urar wankin ƙoda tana cikin kasafin ma'aikatar lafiya ta jiha, ikon ruwan kuwa yana Abuja.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin ya shafi hanyar da kuɗi zai bi. Bai taɓa jadawali na huɗu na tsarin mulki ba, inda aka ambaci aikin ƙaramar hukuma a sha'anin lafiya cikin layi guda, bai kuma ba shugaban ƙaramar hukumar Guri ko Auyo murya ba a kan ranar da za a buɗe ƙofofin Tiga da Challawa.