'Yan Sikawut ɗin La Junta: Yaran Da Suka Yi Suna Da Rawar Wasu

La Junta ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar Kolorado ta Amurka, a bakin kogin Arkansas. A shekarar 1933 mutanensa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, kuma abincin yawancinsu yana rataye ne a tashar jirgin ƙasa ta kamfanin Santa Fe da gonakin kankana da albasa na kewaye. Tattalin arzikin ƙasar ya karye tun 1929, ga fari, ga guguwar ƙura da ke tasowa daga filayen da aka nome har suka gaji. Iyaye ba su da kuɗin sayen kayan sikawut, balle na tura yaro sansani mai nisa.

A wannan hali ne wani matashi mai suna James Francis Burshears, wanda duk gari ke kira Buck, yake riƙe da rundunar 'yan sikawut da aka sani yau da lamba 232. Matsalarsa irin ta kowane shugaban sikawut ce a ko'ina: yaro ɗan shekara 11 zai yi ta murnar ɗaure igiya da kafa tanti da hura wuta ba ashana, amma da ya kai 15 sai ya ga abin na ƙananan yara ne, ya zame. Buck da wasu yaransa suka kafa ƙaramin kulob na nazarin al'adun 'yan asalin Amurka, waɗanda littattafanmu na makaranta suke kira Jajayen Indiyawa. Suka koyi ɗinkin duwatsun ado, da haɗa hular gashin tsuntsu, da kiɗan ganga, da takun rawa. A watan Satumba na 1933 suka yi wasansu na farko a cocin St. Andrew's na garin.

Suka raɗa wa kansu suna Koshare. A wurin ƙabilun Pueblo na jihar New Mexico, koshare su ne masu ban dariya a lokacin bukukuwan addini, suna zana jikinsu da ratsin fari da baƙi, suna kwaikwayon mutane don a yi dariya a kuma gyara hali. Kusan kamar 'yan kama a wurinmu, sai dai su nasu aikin ibada ne, ba neman taro kawai ba.

Dabarar Buck ta ci. Maimakon manyan yara su gudu, sai suka riƙa rububin shiga, shi kuwa ya tsaurara ƙofa. Kafin a karɓi yaro a matsayin cikakken ɗan rawa, sai ya kai wani mataki a sikawut, sakamakonsa na makaranta bai faɗi ƙasa da matsakaici ba, ya karanta littattafai 5 kan al'adun 'yan asalin ƙasar, ya iya raye-raye 5, ya ɗinka kayansa da hannunsa bayan ya yi bincike a kansu, sannan 'yan uwansa su zaɓe shi da ƙuri'a. Wanda ke son shugabanci kuwa, dole ya kai muƙamin Eagle, wato ƙololuwar sikawut a Amurka, wanda ba a samunsa sai yaro ya tsara wani aikin taimakon al'umma ya jagorance shi har ƙarshe. Ta haka garin da bai kai ya kawo ba ya yaye ɗaruruwan masu wannan muƙami.

Tafiye-tafiye su ne gishirin abin. Da rani yaran kan cika mota su nausa kudu, su ratsa tsaunuka zuwa ƙauyukan Pueblo, su kwana a fili, su dafa abincinsu. A 1939 suka je kufan Aztec da ke arewacin New Mexico, inda aka sake gina wani katafaren kiva, wato zagayayyen ɗakin ibada da mutanen dā suke haƙawa rabinsa a cikin ƙasa. Yaran suka dawo gida da magana ɗaya a baki: su ma sai sun gina irinsa a La Junta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da maganar. Sojan sama suka buɗe sansanin horar da matuƙa a gefen garin, 'yan Koshare suka riƙa yi wa dakarun wasa, manyansu kuma aka kwashe su zuwa fagen fama. A cikin waɗannan shekarun ne Buck ya rubuta wata addu'a ta shugaban sikawut, wadda har yau ake karantawa a tarukan sikawut na Amurka.

Sai a 1949 aka kammala ginin, a harabar kwalejin Otero ta garin, da kuɗin da yaran suka tara daga wasanni da kuma gudummawar mutanen gari. Abin kallon shi ne rufin. Gungumen itace sama da 600 aka jera a zagaye, kowane sahu yana ɗauke da na samansa, nauyinsu kusan tan 40, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ɗakin. Masu gidan suna cewa babu rufin gungume mai riƙe kansa da ya kai shi girma a duniya. Velino Herrera, mai zane ɗan ƙabilar Zia, ya yi wa bangon zane-zane.

Nan ne aikin ya zama na gari gaba ɗaya. Kuɗin da ke shigowa ba rabawa ake yi ba, zane-zane da tukwane da saƙa ake saya, har ɗakin rawa ya haifi gidan tarihi. Akwai ayyukan masu zanen garin Taos a ciki, akwai na Woody Crumbo ɗan ƙabilar Potawatomi, wanda ya zauna a La Junta na wani lokaci. Ga kuma wata hidima da ba a cika ambata ba. Babban sansanin sikawut na Philmont, wanda attajirin man fetur Waite Phillips ya ba da kyautar filinsa tun daga 1938, yana kusa da Cimarron a New Mexico, kuma La Junta tana kan hanya. Duk rani rundunoni daga jihohi masu nisa kan yada zango a nan, su shimfiɗa jakunkunan barcinsu a ƙasan kiva, su kalli rawa da daddare, da safe su wuce. Su kansu 'yan Koshare sun yi wasa a jihohi sama da 40.

Buck ya rasu a 1987, bayan ya yi fiye da shekara 50 yana wannan aiki.

To amma rawar ta wa ce? Wannan tambayar ba ta taɓa barin La Junta ba, kuma duk mai ba da labarin da ya tsallake ta bai yi adalci ba. Tun 1883 gwamnatin Amurka ta kafa dokokin da suka haramta wa ƙabilu manyan raye-rayensu na addini, ana hana mai laifi rabon abinci ko a ɗaure shi. A 1921 da 1923 kwamishinan harkokin ƙabilun, Charles Burke, ya ƙara matsa lamba da takardun umarni. Sai a 1934 wani sabon kwamishina, John Collier, ya sassauta. Ke nan ranar da ake tafa wa 'ya'yan Turawa a cocin St. Andrew's, masu rawar na ainihi ba su gama fita daga takunkumi ba. Kuma ba da nisa sosai da garin ba ne Sand Creek, inda sojojin Kanar John Chivington suka karkashe mutanen Cheyenne da Arapaho, yawancinsu mata da yara, ranar 29 ga Nuwamba 1864.

Karon farko mai zafi ya zo ne a farkon shekarun 1950, da yaran suka ƙera kayan Shalako. A wurin mutanen Zuni, ɗaya daga cikin ƙabilun Pueblo, Shalako manzannin ruwan sama ne, dogayen siffofi masu tsawon kusan mita 3, da ke shigowa gari sau ɗaya a shekara wajen farkon hunturu, su kwana suna rawa suna sa wa sababbin gidaje albarka. Da labari ya kai Zuni, dattawa suka nuna ɓacin ransu, wakilansu suka taka har La Junta suka gani da idonsu. Kyawun aikin bai kwantar musu da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi, domin a ganinsu abin da aka ƙera daidai ya riga ya zama mai rai, kuma ba ya zama a hannun wanda ba a tsarkake ba. Buck da yaransa suka miƙa kayan aka tafi da su Zuni, suka kuma daina wannan rawar. A nan sun kyauta. Sai dai sun ɗauki abin a matsayin matsalar rawa guda, alhali Zuni magana suke a kan iyakar da ke tsakanin wasa da ibada.

Masanin tarihi Philip Deloria, wanda shi kansa jinin Dakota ne, ya kawo su misali a littafinsa Playing Indian na 1998. Hujjarsa ita ce irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi ƙaunar kaya da tufafin mutanen dā a kan sauraron jikokinsu da ke raye. Tsofaffin 'yan Koshare kuwa suna cewa su girmamawa suke yi, kuma sun adana abubuwan da da sun salwanta. Suna da gaskiya a batun adanawa. A batun girmamawa kuwa, mai abu ne ke da ta cewa.

A Disamba 2015 ofishin kare al'adu na ƙabilar Hopi ya nemi su daina kwaikwayon raye-rayen Hopi da na sauran Pueblo, shugabannin Koshare kuma suka soke wasan hunturu na shekarar. Bayan shekara uku, daga farkon 2019, reshen girmamawa na ƙungiyar sikawut ta Amurka, Order of the Arrow, ya hana sanya tufafin ƙabilu a bikin yaye ƙananan yara zuwa manyan rundunoni.