Auna Juriyar Masu Ciwon Daji a Ƙasar Katagum

Jami'o'in Turai da Amurka sun saba buɗe gurbin bincike na shekara biyu ko uku ga wanda ya kammala digiri na uku, domin ya yi amfani da ƙididdiga wajen nazarin halin da zuciyar mutum ke shiga bayan an tabbatar masa da ciwon daji. Abin da ake son aunawa shi ne juriya, wato iyawar mutum ya ci gaba da harkokinsa, ko ya koma gare su, bayan musiba ta auka masa. Reshen ilimin halayyar ɗan Adam da ke ɗaukar wannan nauyi shi ne mai ƙera ma'auni, jerin tambayoyi da ake bai wa amsoshinsu maki, sannan a jarraba su da lissafi don a gane ko suna auna abin da aka ce suna aunawa. Azare da ke ƙasar Katagum ta cancanci irin wannan gurbi, tun da tana da asibitin tarayya da kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan wanda za a tambaya, fiye da kyan tambayoyin kansu.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na Kathryn Connor da Jonathan Davidson na Jami'ar Duke, wanda ya fito a 2003 da tambayoyi 25, kowace da maki daga 0 zuwa 4. A 2007 aka taƙaita shi zuwa tambayoyi 10, kuma cikin abin da aka zubar har da tambayoyin da suka shafi dogaro ga Allah da yarda da ƙaddara. Wanda ya san gidajen Gamawa, a wannan yanki na Katagum, zai gane girman wannan giɓi, domin tawakkali ne ginshiƙin da mafi yawan marasa lafiya ke jingina da shi. Akwai kuma ɗabi'ar amsa: dattijuwar da likita ya tambaya yaya jiki za ta ce da sauƙi, ko da ba ta runtsa ba, kuma sau da yawa miji ko babban ɗa ne ke amsawa a madadinta. Masana ƙididdiga suna da hanyar gwada daidaiton ma'auni tsakanin al'ummomi, wato bincika ko maki ɗaya na nufin abu ɗaya a wurare biyu, kuma babu hujjar kwatanta Gamawa da Amurka kafin a yi wannan gwaji.

Matsalar da ta fi wannan nauyi ita ce tacewar da hanya ke yi wa marasa lafiya. Hukumar bincike kan ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar kimanin 127,000 a Najeriya, yayin da kusan 80,000 suka rasu da ita. Matar da ta ji ƙullutu a mama a wani ƙauyen Gamawa kan fara da maganin gida, ta je babban asibitin garin, a tura ta Azare, idan kuma ana buƙatar gashi da na'ura sai a sake tura ta wuri mai nisa kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A kowane zango wasu na yankewa, saboda kuɗin mota, ko kuɗin gwaji, ko damina da ta hana barin gona, ko gero da awakin da za a sayar sun ƙare. Saboda haka mai binciken da ya zauna a ɗakin jiran babban asibiti yana raba takardun tambaya zai samu maki masu yawa, ya rubuta cewa mutanen yankin masu juriya ne, alhali abin da ya auna shi ne ƙarfin aljihun dangi. Irin wannan sakamako, mai daɗin ji a taron ƙara wa juna sani, yana iya zama uzuri ga hukumar da ba ta son kashe kuɗi.

Nazarce-nazarcen George Bonanno na Jami'ar Columbia sun nuna cewa mutane na bin tafarki daban-daban bayan musiba: wasu ba sa girgiza sosai, wasu su faɗi su farfaɗo, wasu kuma damuwa ta zauna musu. Ba a gane waɗannan tafarkai sai an auna mutum guda sau da yawa cikin watanni. Wannan ke nuna cewa aikin mai riƙe da gurbin ya kamata ya fara daga ranar da aka tabbatar da cutar, ya yi tambayoyinsa baki da baki da Hausa ko Fulatanci, mace ta tambayi mace, ya kuma rubuta nisan gida da abin da aka sayar tare da makin juriya. Wadda ta daina zuwa asibiti ba za a goge ta daga lissafi ba. Za a bi ta har gida ta hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko, a auna ta kamar sauran, a kuma rubuta dalilin da ya sa ta yanke.