Takobi da Tsafi: Daga Gandoki Zuwa Dokin Iliya

Mutumin Gabi ba ya buƙatar a koya masa labarin mayaƙa. Garin yana kudancin Maradi, a yankin Madarumfa, dab da iyakar Najeriya, a ƙasar da dawakai suka daɗe suna kai da komowa. Tun da sarakunan Katsina na Haɓe suka rasa birninsu a farkon ƙarni na 19 suka kafa sarauta a Maradi, an daɗe hari bai yanke ba tsakaninsu da masarautun Sakkwato, har yau kuma ana ambaton Sarkin Maradi Ɗan Baskore. Shi ya sa in matashi daga can ya tambaye ni littafin yaƙi da zai fara da shi, ba na kai shi nesa. Gandoki nake ce masa.

A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin waɗanda suka yi nasara har da wa da ƙane: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Gandoki. A 1934 aka buga su. Abin sha'awa, a Disambar 1932 ne Robert E. Howard ya fito da Conan a mujallar Weird Tales ta Amurka, jarumin da Turawa ke ɗauka uban labaran takobi da tsafi. Tazarar ba ta kai shekara biyu ba, kuma kowa da rijiyar da ya ɗebo.

Inda Gandoki ya sha bamban shi ne ƙafarsa ɗaya tana cikin tarihi. Conan a ƙasashen ƙage yake yawo. Gandoki kuwa barden Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne na Kwantagora, garin da Turawa suka ci a 1901. Bello Kagara yana yaro aka yi wannan yaƙi, a ƙasarsu aka yi shi, kuma ana jin haka a rubutun: kirari, ƙurar dawakai, mashi yana fuskantar bindiga. Da takobi ya gaza a duniyar mutane, sai marubucin ya kwashi jaruminsa da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljannu da matsafa, inda har yanzu ƙarfin damtse ke raba gardama. A ganina nan ne zuciyar littafin: wanda aka ci da yaƙi a gida ya je ya rama a wata duniya. Sai dai mai karatu ya shirya, don Gandoki yana alfahari da hari da kamun bayi ko a jikinsa, kuma jikan waɗanda aka kai wa irin wannan hari ba lalle ya yi dariya ba.

Bayansa sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na farkon shekarun 1950. Asalin labarin na Rasha ne, na Ilya Muromets, gurgun da baƙi suka warkar ya zama sadauki. Sarki Waldima na birnin Kib shi ne Biladimiya na Kiyef. Amma Ingawa ya sa wa Iliya rawani har ya zama ɗan gida, dokinsa Ƙwalele ma ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin ba.

Na zamani suna da yawa, musamman na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu juzu'i bayan juzu'i, cike da bokaye da sarauniyoyin aljannu. Da yake da Faransanci aka fi karatu a makarantun Nijar, da yawa ta kunne suke samun irin waɗannan labarai, a rediyo ko a waya. Gandoki ma ya fi daɗi a haka. A ba mai murya ya karanta bayan isha'i, in ya zo kan kirari ya ɗaga ta.