Hasumiyar Gobarau da 'Ya'yanmu na Kagarawal

A 'yan shekarun nan, duk wanda Allah Ya ba shi ikon zuwa Turai, ɗan kasuwa ko ɗalibi, ba ya dawowa sai da hotonsa a gindin wata hasumiya. Wani a Faris ta Faransa, ƙarƙashin hasumiyar Eiffel ta ƙarfe wadda aka gama a 1889. Wani a Pisa ta Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkace tun ana cikin aikinta. Da suka ga za ta faɗi sai suka rufe ta a 1990, suka yi ta gyara har 2001 kafin a sake barin baƙi su hau.

Akwai ma wadda ta fi kusa da mu. A birnin Ishbiliya ta Andalus, wato Sifaniya ta yau, akwai hasumiyar Giralda. Musulmi ne suka gama ta a 1198 don kiran salla. Da garin ya fita daga hannunsu a 1248, aka mayar da masallacin coci, aka rataya wa hasumiyar ƙararrawa. Yau sai ka sayi tikiti ka bi layi kafin ka hau.

To, mu fa? Da yawanmu a unguwar nan iyayenmu daga ƙasar Katsina, Kano da Daura suka zo Gombe neman halak. A tsakiyar birnin Katsina kuwa akwai hasumiyar Gobarau, tsayinta kimanin ƙafa 50, ginin ƙasa zalla. Ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, Sarkin Katsina na farko Musulmi, da kuma zuwan Shehu Magili, malamin da ya sauka Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Ke nan ta haura shekara 500.

Aiki uku ta yi wa Katsinawa. Daga samanta ladan ke kiran salla. Masallacin da ke gindinta makaranta ne, ɗalibai na zuwa daga nesa, a garin da daga baya ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. In kuma ana zaman yaƙi, daga can ake hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba.

Bayan jihadin Shehu Usmanu, Sarki Ummarun Dallaje ya gina sabon masallacin Juma'a. Da jama'a suka koma can, tsohon masallacin ya zube, hasumiyar kaɗai ta rage, har aka gyara ta a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Abin lura ke nan: ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kowace damina sai ta ci rabonta, in ba a yi yaɓe ba shi ke nan. Dubi 'yar'uwarta ta Agadas a Nijar, mai tsayin mita 27: an gina ta a 1515, aka sake ta a 1844, kuma saboda mutanen garin ba su daina yi mata yaɓe ba, UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Gombe da muke zaune sabon gari ne, sai a 1919 aka dawo da fadar Sarki nan daga Nafada. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kagarawal ba su tashi sun ga gini mai shekara 500 ba. Sun san Eiffel a waya, amma ka tambaye su Gobarau sai su yi zuru. In suka girma a haka, za su ɗauka kakanninsu ba su gina komai ba, ba su karanta komai ba.

Saboda haka muna ba da shawara. Duk wanda zai je gida da Salla ko biki, ko sarin kaya ya bi da shi Katsina, ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya kai su Gobarau, ba ta da nisa da fadar Sarki. Malaman Islamiyyunmu kuma su sa labarinta cikin darasin tarihi. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan magabata, Ya shirya mana zuri'a, amin.