KASHI NAWA, CIKIN ME? Tarihin kalmomin rabo a Turanci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwan da data ba ta ba su damar sauraro ba.

Lokacin da nake yaro, duk jajibirin Sallah babanmu yakan shiga watanda. A haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, mahauci ya kasa naman kashi-kashi a kan buhu. Sai a kira yaro ya juya baya, a nuna kashi ɗaya a ce "na wa?", shi kuma ya faɗi suna. Da na girma na gane hikimar: wanda ya riƙe wuƙa ba a barinsa ya zaɓa. To yau kalmomi huɗu na Turanci zan kawo mana, waɗanda da su ake raba kuɗi da kujeru da guraben aiki a duniya, mu ga inda suka samo asali.

Ta farko ita ce share. Yanzu in an faɗe ta, hannun jari ke zuwa wa mutane a rai. Amma a tsohon Turanci ma'anarta yanka ce, tushenta ɗaya da kalmar da suke amfani da ita wajen aske gashin tumaki, da sunan bakin garma mai tsaga ƙasa. Mu kuma kashi muke cewa, daga kasawa, irin yadda mai tumatir ke kasa kayansa a kasuwa. Su sun dubi wuƙar, mu mun dubi tsibin.

Ta biyu per cent, daga Latin, ma'ana cikin ɗari. Tun zamanin daular Rum, Sarki Agustus ya sa harajin ɗaya cikin ɗari a kan kayan da aka sayar a gwanjo, ana zuba kuɗin a asusun sallamar tsofaffin sojoji. Alamar % kuwa daga taƙaita rubutu na 'yan kasuwar Italiya ta fito, wajen ƙarni na 15. Kun ga ke nan a hannun masu karɓar haraji da masu ba da bashi kalmar ta girma. Kada kuma wani ya zaci sai da Bature ya zo muka san lissafin rabo. Malaman gado sun daɗe da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, manomi ya san ushiri, mai dukiya ya san ɗaya cikin arba'in na zakka.

Ta uku ratio, wato nawa ne wannan in an gwada shi da wancan. A Latin lissafi take nufi, kuma daga tushenta kalmar hankali da hujja ta Turanci ta fito, haka ma rashin da ake auna wa soja na abinci. Kalma mai kama da adalci, ko? To ku saurari abin da aka yi da ita. A 1787, a birnin Filadelfiya, masu rubuta tsarin mulkin Amurka suka yi saɓani kan yadda za a raba kujerun majalisar wakilai. Jihohin kudu na son a ƙirga bayi don su sami kujeru da yawa, na arewa ba sa so. Aka daidaita a kan a ƙirga uku cikin biyar na yawan bayin. Bawan ba shi da ƙuri'a, amma ƙirga shi ya ƙara wa ubangidansa ƙarfi a majalisa. Sai a 1868, bayan yaƙin basasarsu, aka soke wannan lissafi. Babu kuskure a alƙaluman, zaluncin yana cikin abin da aka zaɓa a ƙirga da wanda ya ci moriyarsa.

Ta huɗu quota, wadda muke cewa kota. Asalinta tambaya ce a Latin: kashi nawa? Wannan kam ta shigo mana har tsakar gida. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba yankin rabin kujerun majalisar tsakiya saboda yawan jama'arsa, kuma tsarin mulkin 1951 ya ba su. A 1961 aka sa kota wajen ɗaukar hafsoshin soja: kashi 50 Arewa, 25 Gabas, 25 Yamma. Tsarin mulkin 1979 ya shigar da daidaita rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa, a 1996 aka kafa hukumar da ke lura da shi. Ana ta muhawara har gobe, wasu na yabo wasu na suka. Ni tambayata ɗaya ce: in an ce an ba jiharmu kotarta, 'ya'yan su wa suka cike gurbin? Ɗan manomi na ƙauye ya ma ji labarin an buɗe ɗaukar aikin?

Inda waɗannan kalmomi suka fi zafi a tarihinmu shi ne kuɗin ma'adinai. A 1958 kwamitin Raisman ya ba da shawarar yankin da aka haƙo ma'adini ya riƙe kashi 50 na kuɗin haya da na haƙa, ko kuzar Jos ce ko man da aka fara fitarwa daga Oloibiri. A 1970 aka mayar da shi 45, a 1975 ya koma 20, a 1982 ya faɗo 1.5, a 1992 aka ɗaga shi zuwa 3. Tsarin mulkin 1999, sashe na 162, ya ce kada ya gaza 13.

Amma ku lura da wani abu. A 1971 gwamnatin soja ta yi doka cewa kuɗin man da aka haƙo a cikin teku na tarayya ne kacokan. Ba a taɓa lambar 45 ba, abin da ake cire ta daga ciki aka rage. Rigimar ta dawo har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Afrilun 2002, sannan aka yi dokar sasantawa a 2004. Duk shari'ar nan a kan kalma biyu aka yi ta: cikin me?

Ga misali na kusa. A Fabrairun 2020 harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Mai kare gwamnati zai ce biyu da rabi kacal aka ƙara. Mai suka zai ce an ƙara kashi 50, tunda biyu da rabi rabin biyar ne. Wallahi dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Kowa ya zaɓi ma'aunin da ya yi masa daɗi ne, kai kuma da ba ka tambaya ba, kai ne za a kaɗa.

Na sha zama a taruka, babban mutum ya miƙe ya ce an ƙara wa ilimi kashi kaza, mu yi ta tafi. Ni ma na tafa, ba sau ɗaya ba, da digirina a aljihu. Yanzu na daina sai na ji amsar abu uku: kashi nawa, cikin me, kuma wa ya kasa? In kasafin jiharku ya fito, ku nemi takardar, ku duba abin da aka ware da abin da aka saki a zahiri, don su ma lambobi ne daban.

Ku rubuto mana a ƙasa: a garinku ya ake rabon watanda, kuma wa ke ɗaukar kashin ƙarshe? Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.