Daga Kasuwar Talata zuwa Kalandar Waya: Tarihin Daidaita Lokaci a Ƙasar Mafara

Garin Talata Mafara yana ɗauke da kalandarsa a cikin sunansa. Ranar da kasuwarsa take ci ita ce ta zama rabin sunan garin, don haka idan mutumin Tsibiri ya ce wa abokin cinikinsa na Bakura ko na Maradun "sai Talata", ya ƙulla alkawarin da ba ya bukatar takarda, domin lissafinsu ɗaya ne. Wahala tana farawa ne a ranar da mutum biyu da aiki ya haɗa suke ƙirga kwanaki ta hanyoyi daban. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma na yau ya san wannan wahala da wata fuska: kwamfutar ofis tana aiki da Outlook, wayarsa tana aiki da kalandar Google, shugabansa yana riƙe da iPhone, sai a ɗaga taro a na'ura ɗaya amma bai ɗagu a sauran ba. Yakan ɗauka ciwon ya zo ne tare da na'urorin. Alhali kuwa ya girme su da ƙarnoni, kuma duk lokacin da aka yi maganinsa, an yi ne ta hanyar ɗaukar kalanda ɗaya a mai da ita uwa, sauran su koma bin ta.

Ita kanta kalandar Hijira matsalar wasiƙun ofis ce ta haife ta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abu Musal Ash'ari, gwamnan Basra, ya koka wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi cewa takardu suna iso masa ba shekara a jikinsu, ba ya gane wadda ta riga wata. A wata ruwayar kuma, takardar bashi aka kawo wa Umar wadda wa'adinta Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara, ko na bana, ko na baɗi. A wajen shekara ta 17 bayan Hijira aka tsayar da mafarin ƙirga. Sai dai shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, saboda haka azumi yakan zagaya bazara da damina da kaka da hunturu cikin shekara 33. Ibada ba ta damu da wannan zagaye ba. Gero kuwa ya damu.

Shi ya sa malaman ƙasar Hausa suka riƙe lissafi na biyu kusa da na farko. Suna ƙirga taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla 365. Manomi yana tambayar malam ko Haƙ'a ta shiga, ko ana cikin Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, don ya san lokacin shuka da noman farko da maimai. Tare da taurarin akwai watannin ajami, tsohon lissafin Rumawa da ya iso ta Arewacin Afirka. Har littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yarda da wannan rabon aiki: Muhtasar na Halil ya ɗaura fitar mai karɓar zakkar dabbobi da ɓullowar Surayya da asuba, tauraron da Bahaushe yake kira Kaza da 'Ya'yanta. Kan malami shi ne wurin da lissafin biyu suke haɗuwa. Ba ƙaramin matsayi ba ne a gari a ce kai kaɗai ka san yau nawa ga wata ta fuska biyu.

Daular da aka kafa bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 daula ce ta wasiƙa. Gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne mashigar takardu tsakanin Sakkwato da masarautun gabas, kuma hanyar manzanni zuwa Katsina da Kano da Zazzau ta ratsa ƙasar Zamfara. Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, sun sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Abin da ke ba mai nazarin tarihi wahala a irin waɗannan takardu shi ne da yawa daga cikinsu suna da hatimi, da gaisuwa, da saƙo, amma ba kwanan wata. Wannan ba sakaci ba ne. Manzo yana tafe da takardar, ya san ranar da ya bar gari da kwanakin da ya yi a hanya, kuma sau da yawa akwai ragowar magana a bakinsa. Marubutan da suke son aikinsu ya daɗe su ne suke sa shekara, ta hanyar ramzi, inda kowane harafi yake da adadi: a lissafin Magariba shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu, haɗuwarsu ta ba da 1200. Wasiƙar mulki kuwa ta dogara ga mutum mai rai. Da manzon ya mutu, sai rabin bayanin ya bi shi kabari.

Turawa sun zo da lissafi na uku, wanda su ma ba su daɗe da daidaita shi a tsakaninsu ba. An gyara kalandar Miladiyya a 1582, amma Ingila ba ta bi ba sai 1752, lokacin da aka kwana ranar 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata. Watannin ajami na malamanmu ba su bi gyaran ba, shi ya sa tun daga 1900 suke bayan na Turawa da kwana 13, ko da yake sunayen 'yan uwan juna ne. Da kalandar aka zo da agogo. Taron Washinton na 1884 ya ɗauki Girinwic a matsayin mafarin auna lokaci, kuma tun 1919 Nijeriya take gaba da shi da awa ɗaya. Wannan awa an auna ta ne da layin da ya ɗan wuce iyakar gabashin ƙasar, don haka a Talata Mafara rana takan kai tsakiyar sama kimanin rabin awa bayan agogo ya buga sha biyu. Mutumin da ya saba da hantsi da walaha da azahar da la'asar sai ya ga an kawo masa lokacin da bai san inuwa ba. Wayar tangaraho da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911 ya kuma isa Ƙaura Namoda a 1929, su ne suka sa agogon ya zama dole.

Nauyin haɗa waɗannan lissafai ya faɗa a kan malamin En'e. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa 1 ga Afirilu, ta ƙare 31 ga Maris, kuma haka ta zauna har sai da Nijeriya ta koma kan Janairu a 1981. Jangali ana karɓarsa da damina, haraji da kaka, alƙali yana rubuta hukunci da watan Hijira, Di'o yana son rahoto da watan Turawa. Makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a, ofis yana hutu Lahadi. Malamin yakan rubuta kwanan wata biyu a kan takarda ɗaya, amma kowa ya san wanda Baitulmali yake biya da shi. Daga nan ne Miladiyya ta zama uwa a ofis.

Ƙasarmu ta ga abin da yake faruwa idan jadawalin ofis ya hau kan na gona ba tare da shawara ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan kogin Sakkwato aka kammala a 1978, ta zo da nata lokutan: na baje gonaki, na haƙa magudanai, na sakin ruwa. Manoma sun rasa damina suna jiran a mayar musu da filayensu, diyya ta yi jinkiri, masu noman shinkafa a fadamun da ke ƙasan madatsar kuma suka ga ambaliyar da suka gada ta ragu. A watan Afirilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa manoman da suka tare hanyoyin aikin, aka kashe mutane da yawa. Ƙasa da diyya su ne tushen rikicin, kuma rashin mutunci ne a ce kalanda ce ta zub da jinin. Amma a ƙarƙashinsa akwai wannan: jinkirin wata uku a takardar ɗan kwangila jinkiri ne kawai, a wurin manomi kuwa shekara ce ta tafi da abincinta.

Masu ƙera manhajar kwamfuta sun sake bin wannan tsohuwar hanya ba tare da sun sani ba. Tsarin karɓar imel da ake kira POP yana sauke wasiƙa a kan na'ura ɗaya ya share ta daga babbar ma'ajiya, sai ya zama abin da ka karanta a ofis ba ka da shi a gida. Tsarin IMAP, wanda Mark Crispin ya fara a 1986, ya juya lamarin: wasiƙar tana zaune a ma'ajiya guda, kowace na'ura leƙowa kawai take yi. Kalanda ta fi wuya, domin kowane kamfani yana da nasa salon rubuta taro. A 1998 aka fitar da ƙa'idar iCalendar, wadda ma'aikacin Lotus da ma'aikacin Microsoft suka rubuta tare, alhali kamfanoninsu kishiyoyi ne a kasuwa. Dabararta mai sauƙi ce. Kowane taro yana da lambar shaida da ba ta canzawa, da wata lamba da take ƙaruwa duk lokacin da aka yi masa gyara, don na'ura ta gane sabon labari daga tsoho. Idan lambar shaidar ta ɓace a hanya, sai ka ga taro ɗaya ya fito sau biyu a wayarka. A 2007 aka ƙara CalDAV, wadda ta yi wa kalanda abin da IMAP ta yi wa wasiƙa. Jerin ayyukan da ke jiran mutum kuwa har yau shi ne maraya, don Google Tasks da Microsoft To Do ba sa magana da juna sai an sa mai shiga tsakani. Ina ganin a nan ba ilimi ne ya gaza ba. Kowane kamfani yana so ma'ajiyarsa ta zama uwa.

A cikin wannan sulhu duka, an ɗauki Miladiyya da lokacin Girinwic a matsayin tushe. Hijira tana nan a waya, amma da ƙananan lambobi a ƙarƙashin manya, kamar yadda take a takardar malamin En'e. Sai a 2015 aka yi ƙarin da ya ba da damar maimaita taro bisa wata kalanda daban, shi ma bisa lissafi da aka riga aka yi, irin na Ummul Ƙura na Saudiyya. Mu kuwa watanmu yana tsayawa ne da gani, kuma Sarkin Musulmi ne yake sanarwa bayan kwamitin duban wata ya tattara shaidu. Babu na'urar da za ta san abin da za a gani a daren ashirin da tara. Windows ma ta amsa gazawarta, ta ba mai amfani da ita damar ƙara kwana ɗaya ko biyu, ko ya rage, da hannunsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da hutun ƙaramar Sallah ranakun Talata 9 da Laraba 10 ga Afirilu. Da ba a ga wata ba a daren Litinin wayewar Talata, Sallah ta koma Laraba, aka ƙara Alhamis 11 ga wata. Duk taron da aka sa wannan Alhamis ɗin a kalandar kowace waya ya rushe da sanarwa ɗaya daga Sakkwato. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ƙanƙanta: ranarmu tana farawa da faɗuwar rana, ta kwamfuta da sha biyun dare. Dattijo ya ce a haɗu daren Juma'a yana nufin bayan magaribar Alhamis, sakatare matashi ya rubuta Juma'a da ƙarfe takwas, na'urori uku suka yarda da juna sarai a kan kuskure.

Sabon tsarin ya dogara ga abu ɗaya da na manzo bai dogara gare shi ba, wato sadarwa da ba ta yankewa. Zamfara ta gwada wannan a 2021. A ƙarshen Agusta gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar. Cikin kwanaki kaɗan kalandar da ta fi kowace tsufa a ƙasar Mafara da wadda ta fi kowace sabunta suka tsaya tare. Talata ta zo ba kasuwa. Wayoyi suka ci gaba da nuna abin da suka sani tun ranar da aka yanke su, kowace da nata labarin. Masu hali suka riƙa fita zuwa wasu jihohi don su aika saƙo, ofisoshi suka koma ga takarda da masinja a kan babur, wanda yakan ƙara da baki abin da ba a rubuta ba. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sassa da yawa kuwa sun yi kusan wata uku. Ranar da sadarwa ta dawo, saƙonni suka zubo a tare, ciki har da gayyatar tarukan da aka riga aka yi aka tashi, kowace tana neman a amsa ko za a halarta.